Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Masu Wasa Ƙwaƙwalwa Da Kwamfuta, Yamai

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Bana ma mun riƙe zamanmu na ranar Asabar bayan la'asar a Harobanda, in ban da watan azumi da muka mayar da shi bayan tarawi. Muna godiya ga ɗan uwan da ya ba mu zauren gidansa kyauta.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne yaren ba kwamfuta umarni da muke kira BF a taƙaice, wanda Urban Müller ya ƙirƙira a 1993. Alamomi 8 ne kacal a cikinsa. Lokacin zafin Afrilu da Mayu, da ɗauke wuta ya yi yawa, sai muka fita tsakar gida muka haƙa ramuka a jere irin na dara. Kowane rami ma'ajiya ɗaya ce, tsakuwa kuma ita ce lamba. Don fitar da harafin A, wanda lambarsa 65, sai a zuba tsakuwa 8 a ramin farko. Duk wadda aka ɗauke, a jefa 8 a rami na biyu, in na farko ya ƙare a ƙara 1. A ganina wannan ne zaman da ya fi amfani a duk shekarar, domin ƙannenmu 'yan lise da suka daɗe suna haddace yadda umarni ke maimaita kansa, ranar suka gan shi da idonsu, suka taɓa shi da hannu.

Daga nan wata 'yar uwarmu ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni ta kawo matsalar da ta ɗaure mana kai: a sa BF ya rubuta "ƙungiya". Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin alamomi 128 na ASCII, tsohon tsarin ba haruffa lamba a kwamfuta. A tsarin UTF-8, wanda ya ƙunshi irin haruffanmu, ƙ kaɗai lamba biyu take buƙata, 198 da 153. Ita ce ta fara warware ta, kuma nata ya fi na kowa gajarta.

Yaren Befunge na Chris Pressey, inda umarni ke tafiya sama da ƙasa, dama da hagu, mun ɗan taɓa shi. Yaren Malbolge kuwa mun ajiye shi gefe. Ben Olmstead ya fitar da shi a 1998 da niyyar ya gagari mutane, sai bayan shekara 2 aka samu shirin farko, shi ma kwamfuta ce ta lalubo shi.

A Disamba mun shiga Advent of Code, gasar da Eric Wastl ya fara a 2015, wadda a 2024 aka ba da tambaya ɗaya mai kashi biyu kowace rana daga 1 zuwa 25 ga wata. Sharaɗinmu shi ne kada kowa ya yi da yaren da yake cin abinci da shi. Tambayar farko, ta jera layi biyu na lambobi a tara tazarar da ke tsakaninsu, wani ya yi ta da manhajar lissafi ta LibreOffice Calc, wani dattijonmu tsohon ma'aikacin banki ya yi da tsohon yaren COBOL. Yawancinmu ba su kai ƙarshe ba, saboda jarabawa da tsadar intanet.

Kuɗin wata-wata ba su shigo yadda ya kamata ba, shi ya sa ba mu sayi batir da faifan sola ba. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taron Janairu, inda za mu zaɓi sabbin shugabanni. Mai bashi don Allah ya zo da nasa, kuma kowa ya taho da matsala ɗaya da yake so mu yi a baɗi, in Allah Ya kai mu.

Sakataren ƙungiya