Tarihin Ganuwar Kano Bai Cika Ba Sai An Ji Daga Bakin Magina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan gidan rediyonku, na rubuto ne game da shirin da kuke gabatarwa a kan tarihin birnin Kano da unguwanninsa, wanda mu a nan ƙauyenmu na ƙasar Kura ba ma bari ya wuce mu. Idan lokacinsa ya yi, a dakalin ƙofar gidana ake taruwa bayan sallar isha'i, dattawa da samari, a ajiye rediyo a tsakiya kowa ya kasa kunne. Mun ji daɗin yadda kuka kawo labarin Dala da Barbushe, da zuwan Bagauda a 999, da yadda Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya soma ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala ta, sannan aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki cikin ƙarni na 17. Sai dai akwai gurbin da har yanzu ba ku cike ba. Kun ambaci sarakunan da suka ba da umarni, amma ba mu ji komai ba game da mutanen da suka haƙo ƙasar, suka kwaɓa ta, suka ɗora tubali a kan tubali har abin ya zama abin da ake alfahari da shi.

Ni malamin firamare ne mai ritaya, amma mahaifina, Allah Ya jiƙansa, magini ne, kuma shi ma a hannun mahaifinsa ya koya. Tun ban kai shekara goma ba ake tashina da asuba in bi shi wurin aiki da zarar an gama kaka, domin ginin ƙasa aikin rani ne. Akan haƙo jar ƙasa mai birji, a zuba mata ruwa, a watsa ramno, mu yara mu shiga mu yi ta tattakawa har ƙafafunmu su yi ja zuwa gwiwa. Ba a ranar ake amfani da ita ba. Sai an bar ta ta kwana biyu tana tsimuwa, ana juyawa ana ƙara ruwa, har mahaifina ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin yatsunsa ya ce ta nuna. Daga nan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Har yau ina ganinsa a idona yana zaune a kan katanga kamar wanda ya hau doki, ana cilla masa tubali daga ƙasa yana cafewa da hannu ɗaya ba tare da ya duba ba, yana dasa shi a cikin ɗanyen kwaɓi. Ba ya yarda a wuce 'yan sahu kaɗan a rana, don ya ce katangar da ba a bari ta sha iska ba, damina ɗaya ce za ta tona asirinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na girma na shiga Gidan Makama, gidan da ake dangantawa da Rumfa tun kafin ya hau gadon sarauta, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi, shi ne da na ɗaga kai na ga rufin, sai na ga aikin da na sani tun ina yaro. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi mata illa ba, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. Wannan ƙarancin ne ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo, inda ake ɗaure azara a kan azara tana ɗan leƙowa gaba daga kowane ɓangaren bango har su haɗu a sama, da kuma ɗaurin guga, inda bakuna ke gittawa juna su ɗauki tulluwa, wato ƙubbar rufi. Da wannan dabara aka rufe manyan soraye na Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Zankwayen da ke kusurwar soro, da indararon da ke jefa ruwan sama nesa da gindin bango, da zanen dagi a fuskar zaure, duk suna da sunaye da ƙa'idoji, kuma duk a ƙwaƙwalwar magina suke, ba a takarda ba.

Akwai wata alaƙa da nake so masu shirinku su lura da ita, domin ta shafe mu mutanen Kura kai tsaye. Kun yi magana a kan marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta faro tun 1498, kuma Bature matafiyi Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya yaba ƙwarai da yadda tufafin ƙasar nan ke ratsa Sahara. To, a da, da yawa daga cikin wannan rini a garuruwan karkara ake yinsa, kuma rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke nema, ai sunansa ma ɗan Kura. Katsin da ake kwasowa daga gindin karofi, wato ramin rini, shi ake ƙonawa, a daka, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara, a sami laso da ake shafe rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa. Bango kuma a yaɓe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Wato marini da majemi da manomin da ya bar ɗorawa a gonarsa duk suna da hannu a cikin soron da ke tsaye a birni. Da marinu suka mutu a ƙauyuka, katsi ya yi wuya. Da aka sare ɗorawa da giginya, makuba da azara suka yi tsada. Wanda ke neman dalilin da ya sa tsofaffin gidajen cikin birni ke zubewa, ya fara dubawa daga nan.

Sunayen unguwannin ma shaida ne cewa Kano da baƙi aka gina ta. Madabo tana tuna mana da malaman Wangarawa, Sharifai da zuriyar da ake dangantawa da Shehu Magili, Dandalin Turawa da fataken Larabawa na arewacin Afirka, Ayagi da Yarbawa, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa. Alhassan Ɗantata kansa, wanda sunansa ba ya rabuwa da dalar gyada bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, a Bebeji aka haife shi. Kuma tun da na ambaci Bebeji, ya kamata a tuna cewa ba birni kaɗai ke da ganuwa ba. Garuruwan kudancin Kano da dama sun kewaye kansu da ita saboda hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, kuma sojojin Turawa sai da suka fasa ƙofar Bebeji da igwa kafin su iso Kano a farkon watan Fabrairun 1903. Ban taɓa jin an ware wa waɗannan ganuwoyi ko da minti biyar a shirinku ba.

A bara na kai jikana asibiti a birni, muka biyo ta gefen ganuwa a yammacin gari. Na ga inda aka yanke ta aka kafa shaguna, na ga inda ta zama juji, na kuma ga wasu samari da tsakar rana suna sara gindinta da diga suna loda ƙasar a baro. Yaron ya tambaye ni ko wannan tudun ne ganuwar da ake faɗa a rediyo, na ce masa ita ce, muka yi shiru har muka wuce. Na san gari yana ƙaruwa, motoci suna buƙatar hanya, kuma ba zan ce a hana mutane wurin neman abinci ba. Amma lokacin da aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, abin da aka mayar a wurin bai zama irin wanda aka rushe ba. A ganina, ƙofar da aka zuba da kankare aka shafa mata jan fenti alama ce kawai ta inda ƙofa take a da, domin hikimar da ke cikin ta asali ba ta cikinta. Haka kuma kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin birnin daga cikinsu, waɗanda suke shanye ruwan damina, ana ta cike su ana gini a kai, sannan a dawo ana kukan ambaliya. Tun 2007 aka sanya ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, amma ganuwar ƙasa ba ta rayuwa da suna a takarda. Yaɓe take so duk shekara, kamar yadda kakanninmu suka ba mu labarin ana tara mutane a yi mata gayya bayan damina.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku fito da na'urarku daga ɗakin watsa shiri ku nemi tsofaffin magina, na birni da na ƙauye, ku ɗauki muryarsu suna bayyana yadda ake ɗaura baka da yadda ake haɗa laso, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ku tambayi hukumomin da ke kula da kayan tarihi ko a cikin masu yi musu gyara akwai waɗanda suka gaji sana'ar, ku kuma tambayi makarantun koyon sana'a me ya hana su ɗauki irin waɗannan dattawa su koyar da yara, alhali kowa ya san sanyin soro a watan bazara ba ya buƙatar wutar lantarki.

A ƙauyenmu saura mutum biyu da suka iya ɗaurin guga, dukansu sun haura saba'in, ɗaya ma idonsa ya fara rauni. Mun yi shawara da su cewa idan Allah Ya kai mu bayan girbin dawa za a sake rufin zauren da mahaifina ya gina, kuma mun riga mun tanadi azara. Idan wakilinku zai samu zuwa, aikin zai ɗauki kamar mako uku, masauki da abinci kuma suna wuyanmu.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
daga ƙasar Kura, Jihar Kano.