Amsa ga Alhajin da ya ce wuƙarmu ke watsa dajin nono

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Lahadi kun kira shirin lafiya na rediyo nan Tawa, kuka tambaye ni a kunnen jama'a: matan da nake turawa Yamai a yi musu aikin nono, nawa suka dawo da rai? Kuka ce ciwon daji ba ya son ƙarfe, wuƙa ce ke watsa shi. Zancen wai ina da kaso a kuɗin aikin ba zan tsaya kansa ba, matan da na karɓi haihuwarsu a garin nan sun san ni. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a ce ni nake tura su lahira.

Ciwon nan galibi a cikin hanyoyin ruwan nono yake farawa, inda wani siririn tantani ke tsare ƙwayoyinsa. A hankali wasu sukan rabu da abin da ya manne su da juna, su fitar da sinadarin da ke narkar da tantanin, su ratsa nama kamar yadda gara ke cin azara. Daga nan hanyoyin ruwan jiki su kai su kaluluwar hammata, jini ya kai su ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Yawancinsu a hanya suke mutuwa, amma waɗanda suka sami masauki suna iya yin shekaru a kwance kafin su farka. Tun 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan mata 735 da ciwon ya kashe, ya ga akwai gaɓoɓin da ya fi sauka a cikinsu. Wannan tafiya ba ta jiran wuƙa, lokaci kawai take buƙata.

Wa ke ba ta lokacin? Mace ta ji ƙullutu marar zafi, ta zo wurinku, ku ba ta na shafawa da na sha. Bayan damina biyu a kawo mini ita, kan nono ya shige ciki, hammata ta kumbura, ta naɗe gyambon da tsumma, tana kukan ciwon baya. In ta rasu bayan aiki ku ce ƙarfe ne. Ba ku faɗa wa masu saurare cewa kuna sayar da maganin daji a kasuwa ba, alhali hakkinsu ne su sani. Matan da suka zo da wuri kuwa, da yawansu suna gidajensu, sirrinsu ne ya hana ni kiran sunayensu.

Takaicina bai tsaya kanku ba. Sai 2021 aka fara gashin daji da na'ura, wato ƙona ƙwayoyin ciwon da haskenta, a nan Nijar, shi ma a Yamai. Matar ƙauyen Adar sai ta nemi izinin miji, ta sayar da akuyarta, ta yi tafiyar da ta haura kilomita 500. Wadda ke neman dalilin fasa wannan tafiya, ranar Lahadi kun ba ta shi.

Don Allah, Alhaji, duk matar da ta zo muku da ƙullutu a nono, ku turo ta asibiti a ranar.