Shakespeare a wasan barkwanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yaba wa BBC kan wasan barkwancin nan, Upstart Crow, da ta fara nunawa a 2016, shekara 400 cif da rasuwar William Shakespeare, shahararren marubucin wasannin kwaikwayo na Ingila. Ben Elton ya rubuta, David Mitchell ya fito a Shakespeare ɗin.

Abin burgewa, an sauke gwanin daga karaga. Ga shi magidanci sarkin mita, kullum ƙorafin keken dokin da ke makarar da shi tsakanin Landan da garinsu Stratford, iyalinsa kuma suna yi wa baitocinsa dariya. Kate kuwa, 'yar gidan da yake haya a Landan, da aka hana ta hawa dandamali don ita mace ce, takan fi shi gane inda labari ya karkace.

Sai dai wanda bai san wasanninsa ba, rabin raha za ta wuce shi.

Naka,
Mai karatu daga Zariya