Yadda ake ƙirƙiro dodannin da za su yi aiki a wasan almara na kan tebur

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da matasan da suka fara tsara duniyoyin almara na kansu, irin wasan nan da mutum huɗu ko biyar ke zama, kowa ya shiga rigar jarumi ɗaya, jagora yana ba da labari, ana jefa dayis, wato ƙwayar da ake jefawa a ludo. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974 mutane ke ƙirƙiro nasu dodannin, kuma har yau kuskure ɗaya ake maimaitawa: a fara da siffa. A ɗora kan zaki a jikin maciji, a ƙara fukafukai da ido bakwai, amma da an fara faɗa sai a ga bai bambanta da kura ba, ya yi cizo, a sare shi, shi ke nan. Baƙuntar dodo tana cikin abin da yake tilasta wa 'yan wasa su yi.

Saboda haka a fara da tambayoyi uku: me yake ci, me yake tsoro, wace alama yake bari kafin a gan shi? Wanda dabara ta ƙare masa ya dubi dabbobin gaske. Akwai ƙwaron da ke haɗa sinadarai biyu a cikinsa ya fesa ruwa mai zafin kusan digiri 100. Akwai minjirya mai jan wuta, akwai kuma ɗan ƙwaron nan da ke haƙa rami kamar mazurari a yashi ya kwanta a ƙasa yana jiran tururuwa ta zamo ta faɗo ciki. Ɗabi'a ɗaya za a ɗauka, a canja mata girma ko muhalli.

A ce mun ƙirƙiro wata mai suna Shaƙe-amo, tana zaune a kogo, sauti ne abincinta. Alamarta ita ce jarumi ya taka tsakuwa bai ji ƙarar takunsa ba, ya buɗe baki ya kira abokinsa, leɓe na motsi babu murya. A kan tebur, duk wanda jaruminsa ya shiga taku goma daga gare ta ba zai yi magana ba har zagayen ya ƙare, wato har kowa ya yi motsinsa sau ɗaya, sai dai nuni da hannu. Lagonta kuwa daga abincinta ya fito: jakar da take tara sauti tana cika. In aka buga ƙararrawa ko aka yi ta dukan garkuwa zagaye biyu a jere, jakar ta fashe, duk muryoyin da ta haɗiye su fito lokaci guda, har da maganar ƙarshe ta wanda aka shigo nema. Ga faɗa, ga wasa ƙwaƙwalwa, ga labari ya ci gaba, duk daga amsar tambaya ɗaya.

Sai lissafi, wanda yawanci ake gudu, alhali nan ne wasa ke lalacewa. A dayis mai fuska 20 kowace fuska kashi 5 cikin 100 ce. In sai jarumi ya jefa 9 ko sama zai sami dodo, fuska 12 ke nan, wato kashi 60. Jarumai huɗu, kowane sara yana cire maki 5 a matsakaici, sai a ninka 4 da 0.6 da 5, a sami maki 12 a zagaye. In ana son faɗan ya kai zagaye uku a ba dodon makin rai 36, wato makin da in sun ƙare ya mutu. In aka ba shi 100 za a haura zagaye takwas ana abu ɗaya, mutane su koma kan wayoyinsu. A kuma lura cewa dayis biyu masu fuska shida ba sa tafiya haka: 7 na fitowa sau 6 cikin 36, 12 kuwa sau ɗaya tak, don haka ƙarin ɗaya a kan lambar da aka jefa a wannan tsari ya fi tasiri a lambobin tsakiya.

Dodo shi kaɗai yana motsi sau ɗaya a zagaye, jarumai suna yi sau huɗu, shi ya sa babban dodon da aka yi mako ana zanawa ke mutuwa kafin ya nuna komai. A ba shi ƙaramin motsi bayan kowane ɗan wasa na biyu, ko a haɗa shi da 'ya'yansa biyu. Ikon da muka fi ƙi shi ne wanda ke sumar da jarumi zagaye uku, domin mutum ne za a bari zaune minti ashirin yana kallo. Gara a rage masa gudu ko a ƙwace makaminsa, ya ci gaba da yanke shawara. Kisa nan take ba tare da alama biyu sun gabata ba kuwa zalunci ne.

Game da girma, Galileo ya bayyana tun 1638 cewa in aka ninka tsawon jiki sau biyu, nauyi ya ninka sau takwas, ƙarfin ƙashi sau huɗu kawai. Ba dole almara ta bi wannan ba, amma gizo-gizo mai girman giwa ya fi gamsarwa in yana zaune cikin ruwa ko yana tafiya a hankali da ƙafafu kamar turmi.

Iko kada ya wuce uku, kuma komai ya shiga kati ɗaya, don abin da ya wuce haka jagora zai manta shi a tsakiyar faɗa. Suna ya zama wanda za a iya faɗa da ƙarfi ba tare da harshe ya sarƙe ba. Kafin ranar wasa jagora ya buga faɗan shi kaɗai sau uku yana rubuta yawan zagaye. In dodon ya kashe kowa sau biyu, a rage ƙarfin saransa da kashi ɗaya cikin huɗu a sake gwadawa.

Mun gode, Malam Edita.

Daga wasu jagororin wasan almara na kan tebur