Godiya ga masu shagon shayi a kasuwar Fangcun da suka koya mini haɗa tsohon ulong

Zuwa ga dattijo mai shago, da 'yarsa, da yaran shago,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne baƙon nan ɗan Kano mai fataucin yadi, wanda ya dawo muku da ƙullin ganye a hannu, ransa a ɓace. Da Hausa na rubuta don 'yan'uwana masu zuwa Guangzhou saro kaya su karanta, tafintanmu kuma ya yi alkawarin karanta muku da harshenku.

Na daɗe ina zuwa garinku, amma iyakata masauki a Xiaobei, sai kasuwar yadi, sai masallaci ranar Juma'a. A wani zuwa ne abokin cinikina ya ja ni Fangcun, inda shagunan shayi suka jeru layi bayan layi har ƙafa ta gaji. A shagonku aka miƙo mini ɗan finjali, ruwan ciki ja kamar zuma, ba sukari ba madara, amma bayan na haɗiye sai wani zaƙi ya biyo baya a maƙogwaro. Kuka ce Tieguanyin ne, wani irin ganyen shayin ulong, daga Anxi a lardin Fujian, gashin gawayi, shekararsa 15 a ajiye. Ban yi dogon ciniki ba na sayi giram 250.

Da na koma gida sai na yi masa dahuwar da na sani. Mu ganyen Chana ba baƙonmu ba ne, koren nan da ake ataya da shi daga wajenku yake zuwa. Na zuba a buta, na ɗora a gawayi, na bar shi yana ɓararraka, na sa sukari. Ya fito da ɗaci da ƙauri. Na sake gwadawa da ruwan da ya kwana a flas, ya fito salam, sai ɗan warin tsohuwar adaka. Raina ya ba ni an musanya mini ganye. Allah ya yafe mini wannan zato.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda kuka karɓe ni da na dawo. Ba wanda ya yi gardama, ba wanda ya nuna mini rasit. Dattijo ya shinshina ganyen, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya ce in zauna. Sai 'yarku ta tambaye ni yadda na dafa, ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ɗebo daga cikin ƙullin nawa, ba daga na shago ba, ta ce mu sha tare.

Ta fara da yi mini bayanin ganyen. Ulong tsakanin kore da baƙi yake: ana barin ganyen ya yi laushi, a riƙa girgiza shi har gefensa ya yi ja, sannan a tsayar da shi da zafin wuta, a nannaɗe. Wanda za a tsufar ana gasa shi sosai a rufe ruf, wasu kuma sukan sake ɗan gasa shi bayan 'yan shekaru don korar laima. Ganyen da ya daɗe haka a kulle, in ji ta, ba a buɗe shi yau a sha yau. A juye abin da za a sha cikin ɗan tulu mai murfi sako-sako, a bar shi kwanaki ya sha iska, warin ajiyar zai tafi da kansa.

Har yanzu ina ganin hannunta. Ta ɗauko kofin tangaran mai murfi da kuke kira gaiwan, wanda bai wuce mililita 120 ba, ta cika shi da tafasasshen ruwa ta zubar don ya ɗau zafi. Ta auna giram 7 a sikeli, ta zuba cikin kofin da zafinsa, ta rufe ta girgiza, ta miƙo mini murfin. Ƙamshin busasshen dabino da itace ya bugi hancina tun ruwa bai taɓa ganyen ba. Ruwan kuwa sai yana tafasa a lokacin, domin tsohon ganye a dunƙule yake, ruwan ɗumi ba ya buɗe shi. Zubin farko ɗauraya ce kawai, nan take ta tsiyaye ta zubar. Na biyu daƙiƙa 15 ya yi, ta tsiyaye shi tas, ko ɗigo ba ta bari a ƙasan kofin ba, ta ce ruwan da ya saura shi ke ci gaba da jiƙa ganye ya kawo ɗaci. Daga nan kowane zubi sai ta ƙara 'yan daƙiƙu. A na uku da na huɗu ne ɗan tsami ya fito, kusa da na magarya, sannan zaƙin nan da na sani ya dawo. Mun sha zubi 10 daga wannan giram 7.

Da ganyen ya fara sanyi sai dattijo ya juye shi a buta ya tafasa na 'yan mintuna. Ashe dahuwarmu ma tana da gurbi, amma a ƙarshe. Ya kuma gargaɗe ni kan ruwa mai zartsi, ya ce yana danne ƙamshi, ga batun damina, kada in bar gwangwani a buɗe ko kusa da turare da kayan yaji.

Akwai abu ɗaya da ba kowane ɗan kasuwa zai yi ba, ni ma ɗan kasuwa ne, na san nauyinsa. Dattijo ya baza jiƙaƙƙen ganyen a faranti ya nuna mini yadda zan gane na gaske: yana buɗewa, yana da taushi, launinsa ruwan ƙasa. Sabon da aka babbake don a sayar da sunan tsoho kuwa baƙi ƙirin yake zama, a sandare, yana marmashewa kamar gawayi. Ya ba ni ma'aunin da zan auna kayansa da shi kenan. Na nemi in ƙara saye, ya ce in fara shanye wanda ke hannuna tukuna. Kusan awa biyu kuka ba ni, ko yuan ɗaya bai shiga aljihunku ba.

Yanzu bayan sallar isha'i nakan haɗa wa Baba a zaure, shi da aminansa biyu, kuma ya hana a kawo sukari wurin. 'Yan'uwa masu sauka a Xiaobei, jirgin ƙasa na cikin gari layi na 1 yana tsayawa a Fangcun, duk mai so ya neme ni in kwatanta masa shagon. Ni kuma in Allah ya kai mu watan Oktoba, lokacin baje kolin Canton, zan taho muku da zoɓo da citta da kanumfari, in dafa muku da hannuna.

Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya ƙara wa dattijo lafiya.

Naku,
Ɗan kasuwar yadi daga Kantin Kwari, Kano