A Daina Ɗora wa Masuntan Salmon Laifi Su Kaɗai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan masuntan kifin salmon (kifin teku da ke komawa kogi ya zuba ƙwai) na Kalifoniya a Amurka, waɗanda aka hana kamun sayarwa a 2023, 2024 da 2025.

Su fa ba koma suke jefawa ba. Ƙugiyoyi suke ja a bayan jirgi yana tafiya sannu, suna ciro kifi ɗaya-ɗaya. Na yarda hanin ya zama dole, kifin ya ragu. Amma ai a kogin Sacramento yawancinsa yake zuba ƙwai, inda fari da janye ruwa zuwa gonaki suka rage ruwan, ya yi ɗumi, ƙwan ya lalace. To don me masunci kaɗai zai ɗaure jirginsa? A saki ruwan sanyi daga madatsar Shasta da ke kan kogin a kan lokaci mana.

Naka,
Wani mai karatu