Ba Koyaushe Maguɗi Ke Sa A Kashe Ka A PUBG Ba

Edita, assalamu alaikum.

Masu buga wasannin harbi na waya, PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile, na yawan kukan maguɗi, cewa sun riga abokin gaba harbi, amma su ake kashewa. Galibi jinkirin intanet ne. In lambarsa a allo ta haura milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), kafin harbinka ya isa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasan, mutumin ya kauce. Ƙasa da 80 wasa kan tafi daidai.

Zafi ma na cutarwa. Wasa ana caji kan sa waya ta rage gudu, hoto ya riƙa sarƙewa. A cire rigar wayar, a rage kyan hoto, a kuma sa abin kunne don jin takun mai zuwa.

Daga masu gyaran waya, Kano.